Masu ɗinke tsokar ɗan dako

A ƙofar kamfanonin Bompai da Sharada, ko a majemun Challawa inda ake jan ɗanyun fatu, ɗan dako yakan cicciɓi buhu mai kilo 50 sai ya ji cinya ta tsinke masa. Washegari wurin ya kumbura, taku ya gagara. Bayan 'yan makonni kuma ga shi a bakin aiki. Yabon yakan tafi ga man zafi ko allurar kemis, alhali masu aikin na cikin jikinsa.

A 1961 ne Alexander Mauro, wani masani a Amurka, ya hango su a tsokar kwaɗo: ƙananan ƙwayoyin halitta maƙale a gefen zaren tsoka, ƙarƙashin siririyar fatar da ta lulluɓe shi. Ƙwayoyin asali ne, wato waɗanda ba su riga sun rikiɗe sun zama tsoka ba. Kwance suke sai ranar da zare ya yage. Da farko fararen ƙwayoyin jini ne ke zuwa su kwashe mataccen nama, wannan ne kumburi da zafin kwanakin farko. Sannan na kwancen su farka, su hayayyafa, su haɗe da juna su cike gurbin. Wasu kuma su koma barci, kamar irin da manomi ke ajiyewa don baɗi.

Saboda haka kumburin nan ba abokin gaba ba ne. Bincike ya nuna yawan shan magungunan kashe ciwo irin su diclofenac na iya rage kuzarin ƙwayoyin asalin. Mafi muni, maganin yana ɓoye ciwon, lebura ya koma ɗaukar kaya a kan sabon ɗinki, ya sake tsinkewa. Na san mai aikin kullum ba ya da hutun da ake biya, amma hutun kwana kaɗan da motsa gaɓar a hankali, da cin wake, ƙwai ko awara, sun fi arha a kan jinyar watanni.

Gyaran yana da iyaka. Idan inji ya datse ko ya yanke babban yanki na tsoka, fatar da ƙwayoyin ke bi ta tafi, sai tabo mai tauri ya maye gurbin. Wannan aikin likitocin tiyata ne, irin na Asibitin Ƙashi na Dala. Wanda kaya ya danne kuma ya ga fitsarinsa ya koma kalar shayi, ya garzaya asibiti, domin narkakkiyar tsoka na lalata ƙoda.

Shi kuwa ƙunshin garin da ake tallatawa a WhatsApp da sunan ƙwayoyin asali, kada a ruɗe. Ƙwaya mai rai ba ta zama a leda, kuma ko ta zauna, ciki zai narkar da ita. Dasa irin waɗannan ƙwayoyi don gyara tsokar mutum har yanzu yana matakin gwaji, hatta a Turai da Amurka.