Me ya sa muƙamuƙi ke ciwo a lokacin jarrabawa?

Ku ɗora yatsa a gaban kowane kunne, ku buɗe baki a hankali, sannan ku rufe. Abin da kuka ji yana zamewa gaba yana dawowa, kan ƙashin muƙamuƙin ƙasa ne, a gaɓar da ya haɗu da ƙoƙon kai. Gaɓoɓin biyu ne, hagu da dama, kuma tare suke aiki. A cikin kowace akwai ɗan faifan guringuntsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi.

Tsokoki huɗu a kowane gefe

Yanzu ku dantse haƙora, ku taɓa kumatu ta wajen kusurwar muƙamuƙi. Tsokar da ta taso ita ce maseta, babbar mai aikin tauna. Ku matsar da yatsa sama da kunne, gefen goshi, ku sake dantsewa. Wannan ita ce tamforalis, mai faɗi kamar mafici. Sauran biyun, da ake kira terigoyid, suna can ciki. Ɗaya tana taya rufe baki, ɗayar tana jan muƙamuƙi gaba idan za a buɗe, kuma su ne ke karkata shi hagu da dama wajen niƙa abinci.

Idan mutum ba ya magana, ba ya cin abinci, bai kamata haƙoran sama da na ƙasa su haɗu ba. Leɓɓa a rufe, haƙora a ware kaɗan: haka tsokokin ke hutawa.

Inda matsalar take farawa

Tsokar muƙamuƙi tana gajiya kamar yadda ta ƙafa ke gajiya bayan wasan ƙwallo. Ɗalibin da ke fargabar WAEC ko NECO yakan dantse haƙora yana karatu bai sani ba, wani ma har cikin barci yake niƙa su. Ga taunar cingam tun safe har a tashi, ga cizon murfin biro da farce, ga tagumi na tsawon darasi. A ƙara da ɓare rake da haƙori, da taunar ƙanƙara ko busasshiyar aya.

Sai a wayi gari kumatu sun yi tsami, gefen kai yana sarawa, ko kunne yana ciwo alhali lafiyarsa ƙalau. Idan kuwa gaɓar tana ƙara "ƙas" amma babu ciwo, baki kuma yana buɗuwa sosai, yawanci ba ta buƙatar magani.

Abin da za ku iya yi a gida

Irin wannan ciwo yakan lafa idan tsoka ta samu hutu. A ajiye cingam. A koma abinci mai laushi kamar kunu, fate da tuwo na 'yan kwanaki, a jingine kilishi da ganda. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a dafa wurin na minti 10 zuwa 15, a murza a hankali. Idan hamma ta zo, a tallafi haɓa da hannu. Maganin rage ciwo kamar farasitamol yana taimakawa, amma da sanin iyaye ko ma'aikacin lafiya.

Lokacin zuwa asibiti

Ba kowane ciwon muƙamuƙi ne gajiya ba. Ruɓaɓɓen haƙori yana kawo shi, haka ma haƙorin ƙarshe na can ciki, wanda kan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25. Kumburi a gaban kunne tare da zazzaɓi yana iya zama hangum. Baki kuma yakan maƙale a buɗe bayan doguwar hamma saboda gaɓa ta goce. Kada a mari mutum don a mayar da ita, a kai shi asibiti.

Mafi haɗari shi ne muƙamuƙi ya sandare, baki ya ƙi buɗuwa, kwanaki bayan taka ƙusa ko jin wani rauni. Wannan yana iya zama cutar sarƙe haƙora, wadda ke kisa, kuma ba a kwana da ita a gida. Allurar rigakafi tana kare mutum daga ita.

Idan ciwo ya wuce mako biyu bai ragu ba, ku gaya wa iyaye ko malamin da ke kula da ku, a je a ga likitan haƙori.