Ruwa Ya Janye, Fumfuna Ta Tare

A daminar 2022, lokacin da kogin Neja da na Binuwai suka cika suka batse a Lokoja, abin da aka fi gani a labarai shi ne kwale-kwale a tsakiyar unguwa da tireloli jere a hanyar Abuja, sun yi kwanaki a wajen Koton Karfe. Amma duk wanda ruwa ya taɓa kwana a ɗakinsa ya san cewa janyewarsa ba ita ce ƙarshen wahala ba. A share laka, a wanke daɓe, a mayar da kaya, sai bayan mako guda wani wari mai nauyi ya cika ɗakin. A janye kabad, a tarar bayansa ya yi ɗigo-ɗigo, baƙi da kore, takalmin fata kuma ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Fumfuna ke nan ta samu wurin zama.

Ƙwayoyinta suna yawo a iska kullum, ido ba ya ganinsu. Danshi kawai suke jira, da abin ci irin su katako, kwali, auduga ko ƙura. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce abin da ya jiƙe, in ba a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48 ba, to fumfuna na iya kama shi. A Kano ko Zinder hunturu yakan zo ya taimaka. A Lokoja, Legas, Kumasi ko Duwala, inda iskar kanta a jiƙe take, kaya sai su yi mako a kan igiya ba su bushe ba.

Birnin New Orleans na Amurka ya ga irin wannan ɓarna ta fumfuna a 2005, bayan guguwar Katrina ta nutsar da kusan kashi 80 cikin 100 na garin. Mutane sun dawo bayan makonni, suka iske fumfuna ta hau bango har silin, a ɗakunan da ruwa bai ma kai rabinsu ba.

Saboda haka kwana biyun farko su ne aikin. A fara kashe wutar lantarki, in gidan ƙasa ne kuma a duba gindin bango kafin kowa ya shiga. Sai a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da komai rana. Ledar ɗaki ita ce babbar maɓoya: samanta ya bushe ƙarau, ƙarƙashinta ruwa na kwance, don haka a ɗage ta gaba ɗaya. Fanka na taimakawa ƙwarai, amma janareto ya zauna a waje, nesa da taga, kuma kada a hura gawayi a rufe ɗaki da sunan busarwa. Iska marar wari da suke fitarwa tana kisa.

Inda abin yake da ciwo shi ne rabuwa da kaya. Katifar soso, kujerun kushin, kafet da silin na kwali suna shan ruwa har cikin cikinsu, ruwan ambaliya kuma ya biyo ta masai da kwata. Uwar da ta yi shekaru tana adashi kafin ta haɗa wa 'yarta kayan ɗaki ba za ta so jin a jefar da katifa ba, kuma ba wanda zai ga laifinta. Sai dai katifar da ta kwana biyu a irin wannan ruwa, ko an shanya ta fuskarta ta bushe, yaro zai kwanta a kai yana shaƙar abin da ke ciki kowane dare.

Abin da ba ya tsotsar ruwa, kamar tayil, ƙarfe, roba da tangaran, wanki ya ishe shi. A goge da buroshi da omo, sannan a bi da ruwan bilic, kofi ɗaya cikin kusan lita 4 na ruwa. A sa takunkumi, musamman N95, da safar hannu, a bar tagogi a buɗe. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanki, domin haɗuwarsa da amoniya na fitar da iska mai guba. Masu gaggawar shafa fenti a kan tabo asarar kuɗi suke yi, don bangon da bai bushe ba zai kumburo fentin, baƙin ya dawo.

Wasu na ɗaukar fumfuna ƙazanta ce kawai. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora da ke danganta zama a gida mai danshi da tari, numfashi da ƙyar da tashin asma. A garin Rochdale na Ingila, wani yaro ɗan shekara 2, wanda iyayensa suka fito daga Sudan, ya rasu a Disambar 2020, bincike ya tabbatar fumfunar gidan hayarsu ce sila. Jarirai, tsofaffi da masu asma bai kamata su kwana a ɗakin ba sai an gama gyara.

Bayan haka a nemo ta inda ruwa ke shigowa, ko kwano mai yoyo, ko indararon da ke zuba a gindin bango, ko magudanar da shara ta toshe. A bar tazara tsakanin kabad da bango don iska ta ratsa. A leƙa ɗakin ajiya ma: masara ko gyaɗar da ta jiƙe ta yi fumfuna na iya ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashewa, kuma ko kaji bai dace a watsa wa ba.