Hanci Har Baka: Darasi Daga Priyanka Chopra

Daga Yelwa zuwa Warra, duk gidan bikin da ka leƙa za ka tarar mai kwalliya ta duƙufa kan hancin amarya, ta na ja masa layi don ya fito zuwat kamar na 'yan matan Indiya. Ita kuwa mai gajeren hanci, tun ta na 'yar firamare ake tsokanar ta. Wata ta mayar da abin wasa. Wata kuwa ya zauna mata a rai, har ta fara mafarkin ranar da likita zai gyara mata shi.

To, kafin nan, ga labarin jaruma Priyanka Chopra, wadda ta zama sarauniyar kyau ta duniya a 2000. Jim kaɗan bayan haka aka yi mata aikin cire wani tsiro a cikin hanci. Ba ma don ado ba ne, amma aka samu kuskure, karan hancin ya lotsa. Tirƙashi! Fuska ta sauya, 'yan jarida su ka sa ta gaba da ba'a, furodusoshi su ka cire ta daga wasu finafinai.

A littafin ta Unfinished na 2021, ta ce sai ta duba madubi ta kasa gane kan ta. A wata hira a 2023 ta ce baƙin ciki mai tsanani ya danne ta, har ta ɗauka sana'ar ta ta ƙare. Mahaifin ta, likitan soja, shi ya ƙarfafa mata gwiwa aka sake aikin. Darakta Anil Sharma kuma ya bar ta a fim ɗin The Hero na 2003, duk da an rage mata matsayi.

Likitoci sun ce kumburin irin wannan aiki kan kai shekara bai gama saɓewa ba, kuma a wannan tsakanin ne nadama kan shigo. Akwai ma wata cutar damuwa da ke sa mace ta wuni gaban madubi ta na ganin aibin da kowa bai gani ba. Mai irin wannan, ko an yi aikin da wuya hankalin ta ya kwanta. Abin da ke taimakon ta shi ne zama da likitan ƙwaƙwalwa, a bi tunanin a warware shi, wani lokaci a haɗa da magani.

Ganin wannan likita ba hauka ba ne. Ana iya farawa da babban asibitin Yawuri, in ta kama a tura mutum asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, jihar Sakkwato.

Ku kuma ƙawaye da samari, a rage tsokana. Priyanka ta samu uba likita da kuɗin sake aiki. 'Yar Ngaski ko Shanga da ku ke yi wa dariya, wa gare ta?