Laifin Mai Ƙara Ba Ya Wanke Wanda Ake Ƙara

Da wuya a zauna sulhu tsakanin mutum biyu, a zauren mai unguwa ko a gaban alƙali, ba a ji wanda ake tuhuma ya ce "ai kai ma ka yi" ba. Maimakon ya amsa abin da aka tambaye shi, sai ya tono laifin abokin rigimarsa, wancan ma ya tono wani, har maganar da ta tara jama'a ta ɓace a cikin hayaniya. Da ma Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A ganina, yawancin ɓarnar da jifan juna da laifi yake yi wa shari'a tana zuwa ne daga cakuɗa martani iri biyu da ba su da hukunci ɗaya.

Akwai zargin da ake mayarwa a kan abu guda da ya faru, ta yadda in maganar ɗaya ta tabbata dole ta ɗayan ta faɗi. A ƙissar Annabi Yusuf (AS), matar Azizu ta ce shi ne ya nufe ta da mugun abu, shi kuma ya ce ita ta neme shi. Babu yadda za a gaskata su duka biyun. Sai wani daga danginta ya ce a duba rigar: in ta gaba ta yage, matar ce mai gaskiya, in kuwa ta baya ce, shi ne. Aka duba, aka ga ta baya ta yage. Irin wannan martani kariya ce ta halak, kamar ta mutumin da aka kama da laifin ji wa wani rauni ya ce wancan ne ya fara zaro masa wuƙa. Alƙalin da ya toshe kunne ga wannan ya yi zalunci, domin maganar tana cikin jikin shari'ar da ke gabansa.

Nau'i na biyu shi ne wanda ke lalata zance. A nan wanda ake tuhuma bai musa abin da aka ce ya yi ba, kawai yana cewa mai tuhumarsa ma ba wankakke ba ne. Ƙa'idar da alƙalanmu suka gada daga littattafan Malikiyya irin su Tuhfa ta Ibn Asim ta warware wannan tun tuni: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Duk wanda ya mayar da sabon zargi ya zama mai da'awa ke nan a sabuwar magana, kuma nauyin kawo shaida ya hau kansa. Da'awarsa ba ta goge ta farko, ana jera su ne a bi kowace da hujjarta. In kuwa da zina ya jefi abokin rigimarsa don huce haushi, ya kasa kawo shaidu huɗu, haddin ƙazafi na bulala 80 yana jiransa.

An taɓa gwada akasin haka, kuma an ga abin da ya haifar. Kotunan coci a Ingila, daga baya kuma jihohin Amurka da dama, sun daɗe suna aiki da ƙa'idar cewa in mai neman rabuwar aure ya tabbatar da laifin abokin zamansa, sai kuma aka tabbatar da nasa, to babu rabuwa. Ke nan auren da mutum ɗaya ya ɓata ana iya kwance shi, amma wanda su biyun suka haɗu suka rusa sai a ɗaure su a cikinsa. Kotun ƙolin jihar Kalifoniya ta karya lagon wannan ƙa'ida a 1952, sannan a 1969 jihar ta yi dokar saki ba tare da sai an ɗora wa wani laifi ba, Ingila ma ta gyara tata dokar a wannan shekarar.

Mai ja da wannan ra'ayi yana da hujja mai nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Zai ce ina adalci in mai laifi ne ke zaune a kujerar hukunci? A shari'ar Nurembag bayan Yaƙin Duniya na Biyu, an tuhumi Karl Dönitz, shugaban rundunar ruwan Jamus, da nutsar da jiragen 'yan kasuwa ba tare da gargaɗi ba. Lauyansa ya samo amsa a rubuce daga Chester Nimitz, babban hafsan ruwan Amurka, wanda ya tabbatar cewa su ma haka suka yi a tekun Fasifik tun ranar da suka shiga yaƙin. A 1946 kotun ta ɗaure Dönitz shekara 10, amma ta ce ba ta lissafa saɓa dokar yaƙin jiragen ƙarƙashin ruwa a cikin hukuncin ba. A wannan zama ne kuma Tarayyar Sobiyet, mai alƙali a kan kujera, ta nemi ɗora wa Jamusawa kisan dubban hafsoshin Folan a dajin Katin, kisan da sai a 1990 ta amsa cewa jami'anta ne suka yi. Wanda ya ce an yi son kai a nan bai yi ƙarya ba.

Sai dai a tsaya a tambaya, wa ya ci ribar rangwamen da aka yi wa Dönitz? Matuƙan da suka nutse a tekun Atilantika ba su da hannu a abin da Amurka ta yi a Fasifik, amma haƙƙinsu aka sarayar don a rufe asirin masu nasara. Wannan shi ne aibin "kai ma ka yi" a duk inda aka karɓe shi a matsayin kariya: manyan biyu su yafe wa juna, wanda aka zalunta ya tashi a tutar babu. Maganin son kai shi ne a faɗaɗa tuhuma ta kai ga ɗaya ɓangaren, kamar yadda kotun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1993 kan yaƙin tsohuwar Yugosilabiya ta yi. A shari'ar kisan ƙauyen Ahmici, a shekarar 2000, ta ƙi karɓar hujjar cewa abokan gaba ma sun kashe fararen hula, ta ce hana irin wannan kisa wajibi ne da bai rataya a kan halin abokin gaba ba. Kotun kuma ta gurfanar da Sabiyawa da Kuroshiyawa da Musulmin Bosniya, ta ɗaure mutane daga kowane ɓangare a kan abin da aka tabbatar ya aikata.