Gani Ya Kori Ji, Amma Allon Kwamfuta Kan Ruɗi Ido

A ɗakunan binciken ilmin halittu na jami'o'i da yawa akwai akwatunan tsofaffin hotunan filim, waɗanda aka ɗauka ta madubin ƙara girman ƙananan halittu tun kafin kyamarar zamani ta yawaita. Zafi da danshi suna cin launinsu sannu a hankali, shi ya sa ake sa su a na'urar sikana domin a mayar da su cikin kwamfuta. To, amma wanda zai yi wannan aiki yana bukatar sanin iyakar abin da allo ke nuna masa, da iyakar gyaran da ya halatta.

Filim mai faɗin milimita 35 yana ɗaukar hoto mai tsawon milimita 36 da faɗin 24. Idan sikana ta karanta shi da ɗigo 4,000 a kowane inci, za a sami ɗigo wajen miliyan 21. Allon kwamfuta na yau da kullum kuwa, mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, bai wuce miliyan 2 da 'yan kai ba. Ke nan idan aka cika allo da hoton gaba ɗaya, kwamfuta ta dunƙule ɗigo kusan goma ta mai da su ɗaya, kuma ƙura da dishi-dishi sukan ɓuya a cikin wannan dunƙulewa. Saboda haka ba a yanke hukunci kan kaifin hoto sai an buɗe shi yadda kowane ɗigonsa zai hau ɗigo guda na allo, a bi shi sashe-sashe. Idan aka zarce haka, sai a fara ganin tsakin filim ɗin kansa, wanda ba ya cikin jikin halittar da aka ɗauka.

Shi ma ido yana da nasa hali. A tantanin bayan ido akwai ƙwayoyin gane launi iri uku, kuma ƙwaƙwalwa ce ke haɗa saƙonsu. Takan saba da hasken da ke kewaye, shi ya sa farar takarda ke zama fara a idon mutum ko a rana ko a gaban fitilar ƙwai. Wanda ya daɗe yana kallon hoton da ya rine da ɗan shuɗi zai daina ganin shuɗin. Haka nan, allo mai tsananin haske a ɗaki mai duhu yakan sa a yi zaton hoto ya yi haske, sai an buga shi a takarda a tarar ya yi duhu. Maganin wannan shi ne a daidaita allo da na'urar auna launi, a yi aiki cikin matsakaicin haske, a kuma dogara ga lambobin da manhaja ke bayarwa.

Wajen adanawa, fayil mai matakan haske 256 a kowane launi yakan nuna tsatsa-tsatsa idan aka ja haskensa da ƙarfi, alhali mai matakai 65,536 yana jure gyara. Tsarin JPEG yana zubar da wani ɓangare na bayanin hoto domin rage nauyinsa, don haka ake ajiye asali a tsarin TIFF, a yi gyara a kan kwafi.

Babban haɗari yana wajen share ƙura. Wasu sikanoni suna gano ƙura da wani haske da ke bayan ja, wanda ido ba ya gani. Dabarar tana aiki a filim mai launi, amma a filim baƙi da fari takan ɓata hoto, domin azurfar da ke cikinsa tana tare wannan haske kamar yadda ƙura ke yi. Sharewa da hannu ma tana da nata. Alal misali, ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini, bayan an rina ta, takan fito kamar ƙaramin zobe shuɗi mai jan ɗigo. Mai gyaran da bai san ta ba zai iya ɗaukarta datti ya goge, ɗalibai kuma su koyi darasi da hoton da aka cire masa abin da ya sa aka ɗauke shi.

Masana sun ɗauki lamarin da muhimmanci. A 2002 mujallar Journal of Cell Biology ta Amurka ta fara tantance hotunan maƙalun da ta karɓa kafin bugawa. Ƙa'idarta ita ce ana iya ƙara haske ko rage shi matuƙar an yi wa hoton duka kuma bai ɓoye komai ba, amma ba a yarda a goge wani sashe, ko a matsar da shi, ko a ƙara abin da babu ba. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba maƙalu fiye da 20,000, suka tarar kusan 4 cikin 100 suna da hotunan da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba.

Malamin da ke shirya hotuna domin aji, da ɗalibin da ke gyara hoton aikinsa a waya, wannan ƙa'ida ta hau kansu duka: su ajiye asali, su rubuta kowane gyara da suka yi, su kuma bar duk tabon da ba su tabbatar ƙura ba ne.