Ina Kuɗin Fanshon Kawu Suka Shiga?

Kawu ya yi shekaru yana aiki a wani kamfanin gurzar auduga a Malumfashi, daga baya ya koma wani kamfanin sarrafa hatsi a Funtua. Kowane wata takardar albashinsa tana nuna an cire kuɗin fansho. Da ya haura shekara 50 ya ajiye aiki, sai ya karɓo takardar bayanin asusunsa, ya tarar abin da ke ciki bai kai rabin lissafinsa ba. Ya ce mini, "Ɗana, an cuce ni." Na ce, "Kawu, mu bi sawu tukuna."

Muka fara da lissafin kansa. Dokar fansho ta 2004 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 7.5 cikin ɗari, mai kamfani ma haka. Dokar 2014 ta mayar da na ma'aikaci kashi 8, na mai kamfani aƙalla kashi 10. Amma ana ɗaukar kason ne daga ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Kawu kuwa ya haɗa har da kuɗin aikin dare na lokacin kakar auduga. Da muka cire wannan, giɓin ya ragu, amma bai rufe ba.

Sai zargi ya koma kan masu kamfanonin, domin cirewa daban, turawa daban. Doka ta ba mai kamfani kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, in ya saɓa a ci shi tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba a kowane wata. Muka nemi shaidar turawa a Funtua da Malumfashi, duka suka fito da ita, babu watan da aka tsallake.

Kawu ya ce, "To, kamfanin fanshon ne ya haɗiye." Nan ma sawun ya ɓace. Kamfanin da ake kira PFA aikinsa buɗe asusu da juya kuɗin a harkokin zuba jari. Kuɗin kansu suna hannun wani kamfani daban, ma'ajin fansho, hukumar PenCom kuma tana sa ido a kan su biyun. An raba aikin ne don kada mai riƙe da littafi ya zama shi ne mai riƙe da kuɗi.

Da muka jera takardun garuruwan biyu gefe da gefe, sai asiri ya tonu: lambar asusun da ke kan ta Malumfashi ba ita ce ke kan ta Funtua ba. Ashe da Kawu ya sauya aiki, ya cike sabon fom da wani kamfanin fansho, yana zaton kowane aiki da asusunsa. Alhali asusun ajiyar fansho ɗaya ne har abada, na ma'aikaci ne, yana bin sa duk inda ya koma. Kuɗinsa na farko suna nan a tsohuwar lambar, har da ribarsu. Ya kai lambar katin ɗan ƙasa, aka daidaita bayanansa, aka haɗe asusun biyu.

Saura zaɓi. Galibi ba a miƙa wa mutum kuɗin duka. Yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, sauran kuma ya riƙa karɓa wata-wata daga kamfanin fanshonsa, ko ya sayi fanshon har mutuwa daga kamfanin inshorar rayuwa. Mai gudun riba kuma, tun 2021 akwai Asusu na Shida wanda ba a juya shi da kuɗin ruwa.

A yankinmu ma'aikaci yakan sauya kamfani kamar yadda manomi ke sauya gona. Duk mai karɓar albashi ya rubuta lambar asusunsa ya adana, ya miƙa ta ga kowane sabon wurin aiki, ya riƙa duba bayanin asusunsa tun yana da ƙarfin bin haƙƙinsa.