Ɗan Ibro da Gadon Ban Dariya a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya zauna da manoman rani na Kura, Bunkure ko Dawakin Kudu a shekarun da kaset ɗin bidiyo yake tashe, ya san cewa idan an taso daga ban ruwan tumatir da shinkafa, an yi sallar isha'i, an kunna janareta a gidan kallo, ba sunan da ke tara jama'a kamar na Ibro. Kuma ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin Rabilu Musa, wanda duniya ta sani da Ɗan Ibro, an haife shi ne a 1971 a Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, maƙwabciyar Dawakin Kudu, ya yi firamare a garinsu, ya shiga kwalejin horon malamai ta Wudil, sa'an nan ya kama aikin gandiroba, inda ya yi wasu shekaru kafin ya ajiye kaki ya rungumi wasan kwaikwayo.

Mutane da yawa suna zaton sana'ar tasa bidi'a ce da ta zo tare da na'urar ɗaukar hoto, alhali kuwa asalinta ya girmi kakanninmu. Tun zamanin da, sarakuna suna da wawan sarki, wanda aka yi wa uzurin faɗin abin da fadawa ba su isa su furta ba. Akwai 'yan gambara. Akwai kuma 'yan kama, masu zama kamar malamai suna jan baƙi da fassara, amma karatun duka a kan tuwo da miya yake ƙarewa. Ga wasan tashe na watan azumi, ga barkwancin da al'ada ta halatta tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi. Da talabijin ta zo, su Samanja Mazan Fama da Ƙasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu a Jos, suka ɗauki wannan gado suka kai shi cikin ɗakunan mutane. Abin da Ibro ya yi shi ne ya sauke shi daga tashar gwamnati ya kai shi kasuwa, bayan da fim ɗin Turmin Danya na 1990 ya buɗe ƙofar sana'ar bidiyo a Kano.

Fasaharsa, a ganina, tana cikin sanin ɗabi'ar talaka ne, domin mutumin da yake fitowa da doguwar jar hula, mai kwaɗayi, mai cika baki, mai tsoro idan ta yi tsami, wanda kullum yake ƙulla dabarar da za ta koma kansa, ba wani ba ne face maƙwabcin kowa, wani lokaci ma mai kallon kansa. Yakan zama direba yau, gobe boka, jibi malamin tsibbu ko ɗan Fulani, kuma a kowace riga ya shiga sai ya tona ha'inci da riya da ke ɓoye a cikinta, ba tare da ya hau mumbari ba. Haka ya yi da waƙa: sai ya ɗauki karin da ke yawo a gari ya ɗora masa kalmomin shaƙiyanci, kafin mako ya zagayo yara sun haddace. Masu finafinan soyayya sun raina irin nasa, suna ce musu camama saboda arahar shirinsu da gaggawarsa, amma 'yan kasuwar kaset ba su taɓa raina su ba.

Sai dai uzurin da fada ta yi wa wawan sarki, hukumar zamani ba ta yi wa Ibro shi ba. A 2008, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta tsananta wa 'yan fim, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa ɗaurin wata biyu a shari'ar da ta shafi fim ɗin Ibro Aloko, sai ga tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Jama'a suka rabu biyu: wasu na cewa kare tarbiyya wajibi ne a kan shugabanni, wasu na ganin siyasa ce aka lulluɓe da rigar shari'a. Ni dai ban ga alamar hukuncin ya rage masa farin jini ba, domin da ya fito ya ci gaba da sana'arsa, kasuwarsa kuma ba ta faɗi ba.

Allah ya yi masa rasuwa a Kano a watan Disamba na 2014, bayan fama da ciwon ƙoda, aka yi jana'izarsa a Ɗanlasan. Abokan sana'arsa irin su Bosho da Daushe suka ci gaba da riƙe fagen, har zuwa lokacin da kaset da faifai suka mutu, ban dariya ya koma gajerun bidiyo a wayar hannu.